Rezon da ke Bin Kawu Masallaci

Tun da na dawo Yamai ba ranar da wani cikinku bai tare ni ba, a bakin aji ko wajen mai shayi, yana tambaya wai da gaske ne na tsallaka Benin a kwalekwale, ni da ko rafin garinmu ban taɓa shiga ba. Kun san halina. In mutum uku suka zuba mini ido, maganar sai ta maƙale a wuya. Shi ya sa na rubuta komai a nan, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, ku bar ni in sha shayina.

Farkon abin, Inna ce ta kira ni daga Dogonduci a makon farko na hutu. Ta ce yayanta, Kawu Seyni na Gaya, yana nemana, intanet ɗin birosa, wato ofishinsa, na ba shi wahala. Na ce mata shekara biyu kawai na yi a karatun nan, kuma galibinsa a takarda ne. Ta ce, "Ba karatun ordinater ka ce kana yi ba? To ordinater ce ta lalace. Ka tashi ka tafi, kada ka ba ni kunya wajen ɗan'uwana."

Kafin in tafi na buɗe sabon littafi na jera duk abin da aka koya mana yana yanke rezo, wato layin sadarwa: ɗaukewar wuta, wayar da ta saki ko ɓera ya ci, ƙarewar kuɗin da aka zuba a pus (sim ke nan), modem da ya yi zafi ko ya tsufa, kod ɗin shiga da aka rubuta ba daidai ba, mutane da yawa a kan layi ɗaya, bango ko ƙarfe da ya shiga tsakani, cuta a cikin ordinater, wato kwamfuta, sai matsala daga kamfanin sadarwa. Na ja layi da rula, na bar gurbin sa alama gaban kowanne. Da na duba shafin sai na ji kamar na riga na gyara rabin abin.

Motarmu ta bar Yamai da safe. Tun da sojoji suka karɓi mulki shingayen hanya sun ƙaru, kowane shinge a sauka, a miƙa katin shaida, a taka da ƙafa zuwa gaba a jira a kira suna. A shinge na biyu jandarma ya kira "Lawali", mu biyu muka miƙa hannu, ni da wani ƙaton mutum mai gemu. Shi ya riga ni karɓa, ya jefa a aljihu bai ko duba ba. Na bi shi har cikin mota ina neman yadda zan fara magana. Sai da muka kusa Dosso na iya cewa, "Baba, ina jin katina ne a aljihunka." Ya ciro, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Ai kuwa. Na yi mamaki da na ga na rame." Nasa katin yana hannun direba tun ɗazu.

Daga nan muka saba. Ɗan kasuwa ne a Gaya, yana da waya uku ɗaure da roba ɗaya. Ya ce ɗaya ta Nijar, ɗaya ta Benin, ɗaya ta Najeriya, domin a Gaya rezo uku ke yawo a sama, kowanne na neman wayarka. "In ka zauna a ƙofar gidana kana Nijar. In ka je bayan gida ka shiga Benin. Matata in tana son kiran ƙanwarta a Kamba ta Najeriya, kan turmi take hawa." Na buɗe littafina na ƙara wannan a matsayin dalili na goma, domin ba a koya mana shi a aji ba.

Bayan Dosso ƙasa ta fara canza fuska. Mu a Arewa mun saba da tudu da gero da ƙaya, can kuwa giginya ce ko'ina, da rake da rogo a bakin hanya. Duk inda mota ta tsaya mata na miƙo muruci da soyayyen kifi ta taga. A ƙofar Gaya muka wuce manyan motoci jere, wasu tayoyinsu sun sace, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna dara. Tun da aka rufe iyaka haka suke.

A gidan Kawu, wadda ta fara tarbata ita ce Balkisa, babbar ɗiyarsa, taubashiyata ke nan. Ta girme ni da fiye da shekara goma, fataucin albasa take yi, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Ga bawana ya iso," ta ce. "Kai, Lawali, har yanzu ba a fara ba ku abinci a makarantar ba? Shigo, kada iskar kogi ta ɗauke ka."

Na ce mata ni ne ubangidanta, amma a hankali na faɗa, ba ta ma ji ba.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Mutanen Gaya jefa kifi suke a baki ta wannan gefe, ƙayar ta fito ta wancan, suna hira. Ni kuwa sai da na zare kowace ƙaya na jera a bakin kwano. Kowa ya gama ya wanke hannu ina kan kifi na farko. Balkisa ta kira matan gidan su zo su ga yadda ake yi wa kifi tiyata. Hirar gidan ma wani abin kallo ce: a fara magana da Hausa, a ratsa ta Dandanci, a ƙare da Zabarmanci, ba wanda ya lura an canza hanya sai ni.

Washegari Kawu ya kai ni biro. Da can aikin takardun fiton kaya yake yi wa masu manyan motoci. Da aka rufe gadar iyaka aikin ya tsaya, sai ya mai da wurin inda ake buga takarda, a yi fotokopi, a tura wa mutane takardunsu ta intanet. Ɗaki biyu ne. Na waje akwai ordinater biyu da benci na masu jira, nan sakatariyarsa Madam Ramatu take zama. Na ciki na Kawu ne shi kaɗai: tebur, kujera, babban akwatin ƙarfe a kusurwa, da modem a kan tebur bisa wani kyalle mai ado, fitilunsa na ƙyaftawa.

Madam Ramatu mace ce mai sanyin magana, ta shekara takwas tana aiki a wurin. Balkisa ta riga ta gaya mini mijinta na cikin direbobin da na gani a ƙarƙashin motoci, yanzu aikin nan nata shi ke riƙe da gidansu.

"Duba ka gani," Kawu ya ce da ni. "Yana aiki ko ba ya aiki?"

Na gwada. Na ce yana aiki.

"To. Haka yake kullum in ina nan. Ina sa ƙafa waje, sai a ce ya mutu. Mutane su zo da takardunsu, a ce musu babu rezo, su tafi wajen wani. Ina dawowa, ga shi garau. Wata uku ke nan. Kai mai karatu, gaya mini, inji ya san fuskar mutum ne?"

"Alhaji, wallahi ban taɓa komai ba," Madam Ramatu ta ce, idonta a kan teburinta.

"Ban ce kin taɓa ba. Na ce dai ke kaɗai ce a nan."

Kwana biyu na yi ina bin jerina. Wutar gari tana yawan ɗaukewa, amma Kawu na da sola da batir, ba daga nan ba ne. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta saki. Pus na da kuɗi. Kod daidai. Maƙwabta masu kamfani ɗaya da mu rezonsu lau. Na duba ko yaran unguwa sun saci kod ɗin, ba kowa a kai sai mu. Na wanke ordinater biyun daga cuta. Na tsare modem ya daina lalubar rezon Benin, ko da yake ban kama shi yana yi ba. Wajen bango da ƙarfe na auna da taku: taku shida ne daga teburin Kawu zuwa na Madam, bangon kuma na ƙasa ne. Na sa alama na wuce.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in zauna in ga abin yana mutuwa da idona. Amma duk inda Kawu zai je sai ya tafi da ni. Ya kai ni masallaci, ya kai ni gaisuwar rasuwa, ya kai ni majalisar abokansa, ko'ina yana cewa, "Ɗan ƙanwata ne, injiniya daga Yamai." Kafin mu fita yakan ce in jira shi a ƙofa, ya shiga ɗakinsa ya kimtsa, ya kulle. In mun dawo Madam ta ce rezo ya tafi tun fitarmu. Kawu ya buɗe ɗakinsa ya shiga ajiye hula, kafin in gama zama abin ya dawo.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Da aka kira azahar na ce, "Kawu, ko in tsaya nan in..."

Ya juyo ya dube ni. "A Yamai kun daina salla ne?"

Na sa takalmina.

Balkisa ta ce ita ta gane matsalar: rezon Baba ya fi wasu mutanen gidan riƙon addini, ba ya barin jam'i ya wuce shi. Duk gidan aka yi ta dariya. Amma a rana ta uku dariya ta ƙare mini. Kawu ya zaunar da ni a ɗakinsa na biro ya ce in faɗa masa abin da na gano. Ban gano komai ba, kuma kunya ta hana ni cewa haka. Na dubi jerina, gurbi ɗaya ne ban iya tabbatarwa ba, sai na ce wataƙila modem ɗin ne ya gaji.

"Shekararsa ɗaya," in ji Kawu. "Abu ba ya gajiya a shekara ɗaya sai in ana wasa da shi." Ya dubi modem ɗin. "Za a sayo sabo. Amma ba zan ba da sabo a hannun da ya lalata tsoho ba. Wata na ƙarewa zan sallame ta, akwai wanda ya yi mini maganar ɗansa."

Saura kwana biyar wata ya ƙare. Ƙofar a buɗe take, na san Madam ta ji, domin ƙarar bugun ordinater ta tsaya, sannan ta ci gaba a hankali. Da bakina na jawo mata wannan, da wata "wataƙila" da na faɗa don in fita kunya.

Irin modem ɗin da Kawu ke so, mai karɓar kowane pus, ya yanke a Gaya tun da kaya suka daina shigowa. Sai Malanbil, tsallaken kogi. Balkisa za ta kai albasa kasuwar can, sai aka haɗa ni da ita kamar wani ƙarin buhu.

Gadar tana nan, muna ganinta daga nesa, an gitta mata kwantena. Kowa ta ruwa yake bi. Bakin kogin ya zama tasha: buhuna, jarkoki, babura, masu dako da ruwa har gwiwa, kowa na kiran wani. Muna tsaye a ƙasar Nijar wayata ta yi ƙara, na duba, saƙo ne na yi mini barka da zuwa Benin. Na nuna wa Balkisa. Ta ce, "Wayarka ta fi ka zuciya, har ta tsallaka."

Na cire takalmi na naɗe wando, na ɗora littafina a ka na taka cikin ruwa. A kwalekwalen akwai mu wajen ashirin, da albasar Balkisa, da babur a kwance, da rago ɗaya da ya ƙi yarda da tafiyar kamar ni. Na tambayi mai jirgin a hankali ko akwai rigar ruwa. Ya sa na maimaita don na baya su ji. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan tudu ne, ku ƙyale shi." Da muka yi nisa na lura ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katako kusa da ƙafata. Na zuba masa ido. Mai jirgin ya ga haka, ya miƙo mini yankakkiyar jarka ya ce tunda ni na gano, ni zan kwashe. Haka na shiga ƙasar waje karo na farko a rayuwata, a sunkuye, ina kwasar kogi ina mayar masa. Ban ga komai na tsallakawar ba. Masu tambayata ko na ga dorina, amsar ke nan.

A ɗaya gaɓar wani ɗan sanda ya karɓi katina, ya tambaye ni da Faransanci abin da ya kawo ni. Na fara shirya jimla mai kyau a kaina, Balkisa ta riga ni: ta ce mata na zo nema, an ce na nan ba sa tsoron ramammu. Ɗan sandan ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo katin, ya yi mini fatan alheri.

Malanbil kamar Gaya ce da aka ƙara wa gishiri. Yare ɗaya, fuskoki iri ɗaya, kuɗi ɗaya, amma komai ya fi ƙara. Ɗan kabu-kabu a can zem ake ce masa. Mata na tuƙa babur da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai waiwayen su. A nan ne na ga layin motocin gaske, ɗauke da kayan da ya kamata su shigo mana, layin ya miƙe har ido ya gaji. Wani direba ya daɗe a wurin har ya shuka kuɓewa a gefen motarsa, ta yi 'ya'ya.

Mai shagon da aka kwatanta mana ya tafi biki, sai gobe. Dole muka kwana wajen ƙawar Balkisa, wata mai sayar da abinci da ake kira Iya Fati. Ta shimfiɗa mini tabarma a baranda, ta kunna mini fanka, ta ce in sha iska tunda a ƙasarmu wuta ta zama baƙuwa. Da yamma ta kawo akasa, wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen wagashi. Wagashi cuku ne, amma ba irin namu busasshe da ake karyawa kamar faranti ba, wannan laushi gare shi kamar nama. A gefe akwai wani jan abu da na ɗauka tumatir ne. Na lakato da yawa. Barkono ne zalla. Iya Fati na tsaye a kaina tana tambaya ya yi daɗi, ni kuwa hawaye na zuba ina gyaɗa kai. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ƙaro mini. A gidanmu an hana mu barin abincin mai masauki, don haka na cinye.

Da safe muka sami mai shagon, wani mutumin kudu mai fara'a. Na karanta duk rubutun kwalin, gaba da baya, har ya kawo mini kujera. Na ce ba zan saya ba sai na ga ya karɓi pus ɗin Nijar. Ya ce a cikin shago rezon Nijar ba ya shigowa, sai dai a sama. Ya jingina tsani, muka hau rufin shagon ni da shi, da batir a hannunsa da modem a nawa, muna juyawa wajen kogi kamar masu duban wata. Balkisa na ƙasa tana gaya wa masu wucewa cewa daga Yamai aka turo ni in gyara musu sama. Fitila ta yi kore. Balkisa ce ta yi cinikin, domin ni da an bar ni, abin da ya faɗa da farko zan biya har in yi godiya.

Da muka dawo Gaya saura kwana uku. Na haɗa sabon modem a kan teburin Kawu, bisa kyallen nan, ya kama nan take. Kawu ya yi murna, ya sa aka sayo mini lemo. Madam Ramatu ta ce mini sannu da hanya. Na ga ta fara kwashe ƙananan kayanta daga aljihun tebur tana sawa a jaka.

A nan ne barkonon Iya Fati ya yi aikin da karatuna ya kasa. Tun a jirgi cikina ke juyawa, kafin azahar na yi zarya bayan gida sau huɗu. Da aka kira salla Kawu ya dube ni a kwance kan bencin masu jira, ya ce in zauna, in yi tawa in na samu sauƙi.

Ya shiga ɗakinsa. Daga inda nake kwance na ji ƙarar murfin ƙarfe, na ji an datse kwaɗo. Ya fito ya kulle ƙofa ya tafi. Na dubi wayata: sandunan wifi sun zube, saura ɗigo ɗaya, shi ma ya ɓace.

"Ka gani ko?" Madam ta ce. "Sabon ma."

Na tashi na zaga bayan ginin ina riƙe da ciki. Tagar ɗakin Kawu na da ƙarafuna, labulen bai rufe duka ba. Na leƙa. Tebur wayam, sai kyalle. Wayar wutar modem ta sauko daga bango, ta bi ƙasa, ta shige cikin akwatin ƙarfen ta wata 'yar huda da aka yi a gefensa da kyau, aikin maƙeri.

Na kira Madam ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi, ta yi ta yi har ta dafa bango. Da ta tsaya ta share ido ta ce, "Wata uku ina zuwa gida ina tunanin ko hannuna ne ba shi da sa'a." Sannan ta ce, "To wa zai gaya masa? Ni dai ba daga bakina ba."

Na kira Balkisa a waya na gaya mata. Ita ma sai da ta gama tata dariyar. Na ce ko za ta yi masa magana, tunda mahaifinta ne.

"Ni? In dubi Baba in ce shi ne? Kai aka kira daga Yamai, malam injiniya." Ta ɗan yi tunani. "Ka ce masa wannan sabon ɗan Benin ne, ba ya son a rufe shi. Shi ke nan, ba wanda ya ji kunya."

Dabarar ta yi mini daɗi, har na fara shirya yadda zan faɗa. Amma na ga inda ta tsaya. Rezo zai gyaru, Kawu zai ci gaba da ɗauka tsohon modem lalata shi aka yi, ranar ƙarshen wata kuma Madam za ta ɗauki jakarta. A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure, ballantana kawun da ya zaga gari da kai yana nuna ka. Na koma na zauna a bencin ina jiran Kawu.

Kawu ya dawo, ya shiga, murfi ya yi ƙara, rezo ya dawo. Na ba shi lokaci ya zauna, sannan na yi sallama na shiga, na tura ƙofar a bayana. Yana sauraron labarai a ƙaramin rediyonsa.

"Kawu, ina son in gwada wani abu, in ka yarda. Da rediyonka da akwatin can."

Ya dube ni da mamaki, amma ya miƙo. Na sa rediyon cikin akwatin yana magana, na sauke murfin a hankali. Muryar mai labarai ta shaƙe, ta koma shuuu. Na ɗaga murfin, mutumin ya dawo tsakiyar maganarsa. Na sake rufewa. Na sake buɗewa. Ban iya ɗaga kai ba, da akwatin nake magana.

"Modem ma ta iska yake ji, ta iska yake magana. Ƙarfe ba ya barin ta wuce."

Kawu ya tashi da kansa ya rufe murfin, ya saurara, ya buɗe. Ya koma ya zauna.

"An sace na maƙwabcina," ya ce can. "Da rana tsaka, ta taga. Shi ya sa na kai akwatin aka huda." Ya shafa gemu. "Ɗauko tsohon."

Na ɗauko, na mayar masa da pus, na haɗa. Fitila ta yi kore.

"Wato lafiyarsa lau."

"Lau, Kawu."

"Ka tsallaka kogi a banza."

"Na ga gari, Kawu."

Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya daɗe yana juya makullansa a hannu, sannan ya zare ɗaya daga cikin zoben, ya buɗe ƙofa ya fita. Na bi shi. Akwai mutum huɗu a benci da takardunsu, ban yi zaton zai yi magana a gabansu ba.

"Ramatu."

"Na'am, Alhaji."

Ya ajiye makullin a kan teburinta. "Na ɗakin ciki ne. Daga yau abin nan a kan tebur zai riƙa zama, in na fita ki sa masa ido, ki rufe tagar. Wata mai kamawa ɗalibai za su yi rajista, aiki zai yi yawa, ki riƙa zuwa da wuri." Ya juya kamar ya gama, sai ya tsaya. "Laifin ba naki ba ne. Nawa ne. Ki yafe mini."

"Ba komai, Alhaji. Allah ya yafe mana duka," ta ce. Ta ɗauki makullin ta ɗaure a bakin zanenta, ta ja kullin sau biyu.

Sabon modem ɗin da na sha barkono dominsa, Kawu ya mayar da shi kwalinsa ya ajiye a akwatin. Kafin ya rufe ya tambaye ni ko shi ma iska yake so. Na ce a'a, wannan zai iya zama.

Da aka kira la'asar ya sa hularsa, ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana waiwayen teburin, kamar mai barin jariri a kan gado. Ya taka, ya dawo ya duba tagar, ya sake fita. Ni da Madam da mutanen benci muka zuba wa sandunan ordinater ido har muka daina jin takunsa. Suna nan cike, ba wanda ya motsa.

Madam Ramatu ta fito da kayanta daga jaka ta mayar aljihun tebur, ta gyara zama, ta miƙa hannu wajen benci.

"Wa ke gaba?"